Yadda Ake Rubuta Labarin Soyayya Da Sihiri: Budurwa Mai Koyon Asirin Ruwa A Bakin Kogin Kaduna

Da yawa daga cikin matasan marubutan Kaduna, musamman mata masu rubutu a waya, suna sha'awar irin labarin da budurwa take zuwa wurin wani hatsabibi domin koyon sihiri, daga baya soyayya ta ƙullu a tsakaninsu. Wannan sha'awa ba baƙuwa ba ce a adabinmu, domin tun daga tatsuniyar dandali har zuwa littattafan da suka fito daga gasar rubutun da aka shirya a Zariya a 1933, aljanu da tsafi suna cikin jinin labarin Bahaushe, littattafan soyayya kuwa sun cika kasuwa tun daga shekarun 1980. Wahalar tana wurin haɗa biyun a tukunya ɗaya. A mafi yawan abin da nake karantawa, sihirin yana ɗakinsa, soyayyar tana nata ɗakin, kamar kishiyoyin da suke gaba, har mai karatu zai iya tsallake babin tsafi gaba ɗaya bai rasa komai ba. A nan za a bi misali guda ɗaya tun daga tushe har zuwa fitar da littafi, domin a ga yadda ake tufka su su zama igiya ɗaya.

Mataki na farko ana yin sa ne tun kafin a ɗora alƙalami a kan takarda, shi ne marubuci ya san inda zai ajiye sihiri a labarinsa. Masu karatunmu, Musulmi da Kirista, ba su ɗauki sihiri abin wasa ba. Musulmi ya san aya ta 102 a Suratul Baƙara, inda aka ambaci Haruta da Maruta a Babila da masu koyon abin da suke raba miji da matarsa da shi, ya kuma san hadisi ya lissafa sihiri cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa. Labarin da ya nuna bokanci a matsayin hanyar biyan buƙata a ɓagas zai gamu da ƙyama, kuma a ganina ƙyamar tana bisa hanya. Ana iya gina wata duniya ta daban mai sarakunanta da dokokinta, yadda kowa zai gane almara ce tsantsa, ana kuma iya barin labarin a ƙasarmu a sa sihirin ya zama abu mai cin mai shi. Na fi karkata ga hanya ta biyu, domin ita ce take haifar da labari mai nauyi. Kowace aka ɗauka, kada a kwafo aya ko addu'a ko hatimi a mayar da su kalmar tsafi, kada kuma a zayyana surkulle dalla-dalla kamar ana koyar da mai karatu. Abin da jarumar za ta furta, marubuci ne zai ƙirƙire shi da kansa.

A wannan mataki ne kuma ake tantance kalmomi, domin ba ɗaya suke ba. Boka yana ba da magani yana haɗawa da tsafi, malamin tsibbu yana aiki da rubutu da duba, ɗan bori yana hawan iska bayan an yi masa girka, maye kuwa kurwa ake cewa yana kamawa. Hatsabibi shi ne wanda yake aikata abin da hankali ba ya ɗauka, kuma ita ce kalmar da ta fi dacewa da malamin wannan labari. Rumbun da ya fi kowanne albarka shi ne asiran sana'o'in gado: maƙeri da yake wasa da wuta, ɗan tauri da wuƙa ba ta kama shi, maharbi mai layar zana da baduhu, Basarke da kada ba ya taɓa shi a cikin ruwa. Wanda yake da wannan gado a gida ba shi da dalilin aro tsoho mai doguwar hula da sandar tsafi daga fina-finan Turawa.

Mataki na biyu shi ne zaɓen wuri da zamani. Kaduna gari ne sabo idan an kwatanta shi da Zariya ko Katsina, ba shi da ganuwa, ba shi da tsohuwar fada, kuma wannan ne yake sa wasu marubuta suna ganin ba zai ɗauki labarin sihiri ba. Sun manta da kogin, wanda sunan garin ma daga kadojinsa aka samo shi. Layin dogon da ya taso daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911, a 1917 kuma Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, sai sojoji da leburori da akawuna da 'yan kasuwa na ƙabilu daban-daban suka taru a inda Gbagyi suke zaune tun da daɗewa. Gari ne na baƙi, inda maƙwabci bai san asalin maƙwabcinsa ba, kuma a wannan lokaci ne za mu ajiye misalinmu. Mai son zamanin da ya fi wannan tsufa yana da Dutsen Kufena a Zariya, da kufan Turunku da ake dangantawa da Sarauniya Amina da mahaifinta ko mahaifiyarta Bakwa, da ƙauyen Nok inda aka fara tono gumakan yumɓu a 1928.

Bayan an zaɓi wurin, sai a taka a je a gan shi. A je bakin kogi a watan Maris, lokacin da ruwa ya janye duwatsu suka fito fili, a sake komawa a Agusta ko Satumba a ga yadda yake cika ya yi ja yana tafe da itatuwa. A lambun Gamji akwai tsohuwar gadar ƙarfen da aka ɗauko daga Zungeru, a Gidan Arewa kuma akwai tsofaffin takardu da hotuna, haka ma gidan tarihi na kan titin Ali Akilu yana da kayan sana'o'in da. Daga irin wannan yawo ne ake sanin cewa a zamanin labarin kuɗin wuri yana ja da baya, anini da kwabo da sule suna shigowa, hasken dare kuma aci-balbal ce, babu roba.

Mataki na uku, a gina budurwar. A ba ta suna mai magana da kansa, irin sunayen da suke faɗin ranar haihuwa ko yanayinta. Tamu mu kira ta Marka, wadda aka haifa a tsakiyar damina ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. A mai da ita baliga mai hankalin kanta, kamar 'yar shekara 20, kuma tun da budurwa mai waɗannan shekaru da ba ta yi aure ba abin magana ce a wancan zamani, sai a ba da dalili: manemanta biyu sun gamu da tsautsayi, unguwa ta ce tana da farar ƙafa, samari suka janye. Sana'arta tallar fura ga leburorin jirgin ƙasa, baiwarta kuwa ita ce ba ta manta suna, duk baƙon da ya saya sau ɗaya gobe da sunansa za ta kira shi. Abin da zai kai ta ƙofar hatsabibi dole ya zama buƙatar da ta fi ƙarfin tsoro da kunya. Ƙaninta ya faɗa kogi a daminar bara, ba a gan shi ba, ba a ga gawarsa ba, mahaifiyarsu ta ƙi karɓar gaisuwa, kullum tana ajiye masa tuwo. Marka tana so ta tambayi ruwa inda ya kai shi. Budurwar da ta je koyon sihiri don sha'awa kawai, babi na uku ba zai wuce ba mai karatu zai gaji da ita.

Mataki na huɗu shi ne ginshiƙin aikin duka, kuma a nan ne ya kamata a ɓata lokaci. A ɗauki takarda ta daban a rubuta abin da sihirin yake iyawa, da abin da ba ya iyawa, da abin da yake ci a wurin mai shi. A misalinmu, wanda ya san asirin ruwa yana jin abin da ya wuce ta cikin kogi, yana kuma iya kwantar da igiyarsa har a ƙetare, amma ba ya ta da matacce, ba ya juya zuciyar mutum. Ladan da ruwa yake karɓa shi ne suna: duk lokacin da kogi ya amsa tambaya, sai ya ɗauke sunan mutum ɗaya daga kan mai tambayar, ta riƙa ganin fuskar tana sanin mai ita, amma sunan ya tafi, ko an faɗa mata ba zai kwana a kanta ba. Ƙaramar tambaya tana cin sunan mai sayen fura, babba tana cin na maƙwabciya, ta gaba tana cin na ƙawar ƙuruciya, a haka abin yake matsowa cikin gida. Marubuci ya riƙe lissafi kamar mai kanti, ya rubuta sunan da ya ɓace a kowane babi, domin ranar da Marka ta kira wani da sunan da ruwa ya riga ya cinye, amanar da take tsakaninsa da mai karatu ta karye.

Dalilin zaɓen wannan lada ya kamata a fahimce shi sosai, domin shi ne ya ɗaure sihirin da soyayyar. A al'adar Bahaushe, rashin faɗin suna alama ce ta kusanci. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, suruka ba ta faɗin sunan iyayen miji. Saboda haka ranar da Marka ta daina furta sunan malaminta, mai karatu zai tsaya tsakanin fassara biyu: ko ruwa ne ya cinye sunan, ko kuwa alkunyar so ce ta kama harshenta. Shi kansa malamin ba zai sani ba, kuma ba zai iya tambaya ba. Ba dole ba ne kowane marubuci ya ɗauki wannan lada, amma duk wadda aka ɗauka a gwada ta da wannan ma'auni: tana taɓa abin da jarumar ta fi taƙama da shi, tana kuma shiga tsakaninta da wanda take so? Idan jini ne kawai yake fita mata ta hanci bayan ta yi tsafi, an rubuta ciwo, ba a rubuta lada ba.

Mataki na biyar, a gina malamin, kuma a yi hattara. Idan shi ne za a so, kada a mai da shi tsohon da ya yi jika da ita. A misalinmu ɗan Sarkawa ne mai kimanin shekara 30, wanda ya gaji asirin tun bai shirya ba saboda rasuwar mahaifinsa, ya yi wa mutane aiki har ruwa ya cinye masa sunan mahaifiyarsa. Mutane da laƙabi suke kiran sa, sunansa na yanka kuwa mutum biyu ko uku ne suka san shi. Zai ƙi karɓar ta da farko, kuma ƙin nasa tausayi ne na wanda ya san kuɗin abin. A sa masa gwaggo tsohuwa a gida, wadda take tuna masa sunayen mutane kowace safiya, ita ce kuma ta uku a duk zaman da za su yi, domin mai karatunmu ba zai yarda da budurwa da namiji su kaɗaita a ɗaki da sunan karatu ba. Darussan su kasance da rana a bakin kogi, a idon masunta da masu wanki.

Abubuwa biyu ne ba na yi wa kowane labari sassauci a kansu. Malamin ba zai taɓa amfani da asiri ya jawo zuciyarta ba, domin son da aka samu ta mallaka zalunci ne ko da an lulluɓe shi da kalamai masu daɗi. Ba zai kuma furta mata so ba muddin tana ƙarƙashinsa tana buƙatar iliminsa, sai bayan ya yaye ta, lokacin da za ta iya cewa a'a ba ta yi asarar komai ba. Wannan jinkiri riba ce ga marubuci, domin shi ne yake riƙe mai karatu. Harshe ma ya tanadar mana kyauta a nan: mai koyon sana'a yana kiran ubangidansa Maigida, mace ma haka take kiran mijinta. Marka za ta fara faɗin kalmar a babi na huɗu da ma'anar farko, ta ci gaba da faɗin ta ba tare da an sauya harafi ko ɗaya ba, nauyinta ne kawai zai riƙa canzawa a kunnen mai karatu.

Mataki na shida shi ne tsara darussa. Shida ko bakwai sun isa, a shimfiɗa su a kan shekara guda, a fara da kaka lokacin da ruwa yake janyewa, a ratsa hunturu da bazara, a ƙare a tsakiyar damina. Kowane darasi ya sauya abin da Marka take iyawa, ya kuma sauya abin da su biyun suka sani game da juna, wanda bai yi duka biyun ba a cire shi. Darasin farko sauraro ne kawai, ta zauna a kan dutse tun hantsi har azahar ba ta ji komai ba:

"Maigida, ruwan nan bai ce komai ba."

"Ya ce. Ke ce kika zo da hayaniyar tasha a kunnenki. Gobe ki bar ƙwaryar furar a gida."

"In na bar ta, me Inna za ta ci?"

Bai amsa ba, amma washegari gwaggo ta kai wa mahaifiyarta kifi. A wannan 'yar taƙaitacciyar magana an koyar da darasi, an nuna talaucinta, an kuma nuna halinsa ba tare da an ce yana da kirki ba. Haka son Bahaushe yake tafiya a rubutu, ta hanyar aiki da kawaici: ya ɗinke mata ƙwaryar da ta tsage, ya kau da kai idan za ta shiga ruwa, ita kuma ta lura ya fi son fura mai yaji ta riƙa dama tasa daban. A tsakiyar littafin ne zai faɗa mata sunansa na yanka, sau ɗaya tak, ya roƙe ta ta riƙe masa shi saboda tsoron ranar da gwaggo za ta kwanta dama. Babu kyautar zobe ko turaren da za ta kai wannan.

A sa mata cikas na gaskiya. Mahaifiyarta tana son labarin ɗanta amma tana tsoron a ce 'yarta ta zama 'yar tsafi, limamin unguwa ya yi mata nasiha mai hujja wadda ba za a mayar abin dariya ba, wani akawun jirgin ƙasa mai mutunci kuma ya fito neman aurenta duk da maganar farar ƙafa. Kada a mai da wannan manemi mugu domin a sauƙaƙa mata zaɓi.

Mataki na bakwai, ƙololuwa da warwara. Damina ta cika, Marka ta kai matsayin yin babbar tambaya, sunaye uku ne kawai masu nauyi suka rage mata: na mahaifiyarta, na ƙaninta, da na malaminta, kuma ta san ruwa wanda ya fi soyuwa gare ta zai ɗauka. Malamin ya nemi ya yi tambayar a madadinta, ta ƙi, domin jarumar da aka ɗauke wa nauyi a babin ƙarshe ta tashi daga jaruma. Amsar da ruwa zai bayar tana hannun marubuci, ko yaron yana raye a wani ƙauyen masunta can ƙasan kogi, ko kuwa an sami tabbacin rasuwarsa uwa ta karɓi gaisuwa. Daga ranar Marka ba ta ƙara furta sunan malaminta ba, ta kuma yi rantsuwar ba za ta sake tambayar ruwa ba har abada, shi ma ya ajiye. Sai ya tura manyansa wurin baffanninta, a yi gaisuwa, a yanka sadaki. Ranar ɗaurin aure sanƙira zai ɗaga murya ya faɗi sunan ango da na amarya, tana cikin ɗaki a lulluɓe tana ji, kuma a layi ɗaya ko biyu za a nuna ko sunan ya faɗo mata a matsayin baƙo ko kuwa leɓɓanta sun riga sanƙira motsawa. Kada a ƙara bayani bayan wannan.

Mataki na takwas shi ne rubutawa da tacewa. Babi 20 zuwa 25, kowanne kamar kalma 1,500, sun ɗauki irin wannan labari. A rubuta zubin farko har ƙarshe ba tare da tsayawa gyara ba, a ajiye shi mako biyu, sannan a dawo da takardar dokoki da lissafin sunaye a bi babi bayan babi. A tsarkake bakin mutanen labarin daga kalmomin Ingilishi na zamanin waya, a bar wa Bagwari da Banufe da Bayarabe nasu salon Hausar ba tare da an mai da su abin ba'a ba. A kula da baƙaƙe masu lanƙwasa, domin kafa daban ƙafa daban, baki daban baƙi daban, kuma manhajar rubutu a waya ta Gboard tana da allon rubutun Hausa mai ɗauke da su. A kula da rabon kalmomi, a rubuta "yana" da "tana" a haɗe, "shi ne" da "ita ce" a rabe. Bayan haka a karanta babi biyu ko uku da ƙarfi a gaban wata dattijuwa, duk inda ta ce mace ba za ta faɗi haka ga namiji ba, a koma a gyara.

Wajen fitarwa, ko a manhajar labarai ta Wattpad ne ko a zaurukan WhatsApp, shawarata ita ce kada a saki babi na ɗaya sai an kammala na ƙarshe, saboda labarin da aka gina a kan lissafin sunaye yana buƙatar a koma baya a shuka abin da za a girba a gaba, wanda kuwa ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ya gyaruwa. A rubuta sunan marubuci a kan kowane babi da ƙarshensa, a kuma tura wa kai cikakken kwafi ta imel kafin a fara saki, domin kwanan watan da yake jikin saƙon ya zama shaida idan wani ya cire sunan ya sa nasa. Sannan a tsayar da ranakun fitowa, kamar Litinin da Alhamis bayan isha'i, a sanar da masu karatu tun a babin farko.